Kurar Kufena da Bawul Biyu na Ƙarshe

Gyaran rediyo bai bar ni da komai ba sai ciwon baya da raunin ido. Amma ban taɓa shan wuya irin ta shekarar da aka kawo mini amfilifayar masallacinmu na Limancin Kona ba, saura kwana uku a fara tafsirin azumi. Tsohuwa ce, mai ƙwayayen gilashin nan da muke kira bawul, waɗanda an daɗe da daina kawowa kasuwa. Liman ya tsufa, in babu ita muryarsa ba ta wuce sahun farko.

Na yi gyarana na kunna. Lasifika shiru, ko tsaki babu, amma cikin bawul ya yi jajur kamar garwashi, ya mutu. Huɗu na ƙona a kwana biyu. Saura biyu a hannuna, na kuma zaga gari ban samu ko ɗaya ba. In suka tafi, shi ke nan, wanda ya kashe kayan masallaci ko tocila ba mai sake kawo masa. Na rufe shago na zauna na rasa abin yi. Sai Kaka Yalwa ta faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙanta.

Muna yara, bayan sallar isha'i takan zauna bakin murhu tana kaɗin auduga, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa a toka. Ni take fara tsokana. "Matso nan, maigidana, kai da ba cefane sai cin tuwo. To ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

Wai wata kura ce ta shiga kogo a dutsen Kufena, ta yi kuka, dutse ya maido mata da kukanta. Ta ɗauka wata ce ke yi mata rashin kunya, ta ƙara murya. Dutse ya ƙara. Haka suka yi ta yi har muryarta ta siranta ta ɓace, amma ba ta daina ba, baki buɗe, jiki na rawa, har zuciyarta ta fashe.

Na ce, "Kaka, ai ta yi shiru, me ya kashe ta?"

Ta ƙwanƙwashe ni da mazari. "Kunnenka ne ya yi shiru, sakarai. Ita tana nan tana yi."

Shekara arba'in ina ɗauka da masu baƙin rai take, masu cin kansu a ɓoye. Ranar nan na ga har ƙarfe yana yi. Ni ne, da aka kawo amfilifayar, na tarar da wayoyin cikinta a warwatse, na ga kamar ƙazanta ce, na tattara wadda ke shigar da murya da wadda ke fitar da ita na ɗaure su tsaf wuri guda. Ashe wanda ya fara haɗa injin da gangan ya raba su. Injin na jin muryar kansa yana amsawa, da ƙarar da kunnen mutum ba ya kamawa, har ya ƙone.

Da na dawo daga sallar asuba na yanke ɗaurin, na raba wayoyin nesa da juna, na liƙa 'yar rezista, mai rage ƙarfin wuta, a ƙafar kowane bawul don ta tare kukan. Na sa biyun ƙarshe, na tura ƙyaure don duhu ya nuna mini launinsu, na yi bisimilla na kunna. Har rana ta take hannuna yana kan makunni. Ba su yi ja ba.