Malam Musbahu da Dawar da Ya Cinye

A Dugabau, idan aka ce Malam Musbahu, sai an ƙara da cewa, “Wanda ya cinye bincikensa?” Shi ɗin ne, kuma da miyar kuka ya ci.

Mahaifinsa, marigayi Malam Haladu, ya bar masa wata jar dawa da ƙuduji ba ya iya kashewa. Gonakin maƙwabta su ƙone, tasa tana tsaye. Manomi ba ya sussuke iri, a zangarniyarsa yake rataye shi inda hayaƙin murhu zai riƙa dukansa, kuma ko yunwa ta yi tsanani ba mai taɓawa. Musbahu kuwa malamin kimiyya ne a sakandare, yana karatun digiri na biyu a Kano. Sai ya ga hayaƙi ƙazanta ne. Ya sauke irin gaba ɗaya, ya sussuke, ya zuba a roba mai murfi, ya manna takarda da Turanci, ya ajiye kusa da buhun masara.

Ranar da ’yan kwamitin zakka suka zo garin, a gidansa aka sauke su. Matarsa Zubaidatu ta ga tsabar dawa fes a ɗakin abinci. Tsaba ai ta ci ce. Ta surfa, ta kai niƙa, ta tuƙa. Musbahu ya ci, ya nemi ƙari, har yana tambaya ina ta samo wannan dawa.

Abin da ya rage masa na irin yana cikin kwamfuta. Kafin tuwon, ya riga ya aika ganyenta an karanta DNA ɗinta, wato saƙon halittarta. Injin karatun ba ya ba da saƙon halitta a jere, guntaye yake zubowa miliyoyi. Akwai manhajar da ke ɗaukar kowane guntu ta nemo gurbinsa a jikin cikakken tsarin halittar dawa da masana suka riga suka haɗa. Ya taɓa kwatanta mini da tsohon littafi marar ɗinki da ya watse, ka zauna da cikakken kwafi kana mayar da kowace warƙa wurinta. Inda dawar babansa ta saɓa wa kwafin, nan shaidarta take.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, tallafin bincike ya tsaya, wuta kuma sai an ga dama. Aikin da ya kamata ya ɗauki yini sai ya ci mako. Duk da haka kowace Asabar yana kan babur, daga ƙauyukan Kabo zuwa na Gwarzo, yana roƙon zangarniya ɗaya ɗaya don ya gwada ko shaidarta za ta dace da ta dawar babansa. Ya san halin mahaifinsa, ba ya hana iri. Tabbas wani ya taɓa karɓa.

Damina uku yana gwadawa, ba a dace ba. Na taɓa samun sa ya zuba wa allon kwamfutar ido. Ya ce abin da ke damunsa shi ne guntayen da manhajar ke warewa gefe don ba su da gurbi a kwafin masana. “Wataƙila Baba yana cikin waɗannan,” in ji shi. Bai taɓa goge su ba.

A Kara aka dace, wurin wani dattijo, Bappa Dalhatu, wanda ya karɓi irin tun yana kiwo. Shaidar ta fito daidai. Bappa ya sauko da zangarniya biyar, ya riƙe su gam.

“Malam, an ce kai ci kake yi.”

“Na tuba, Bappa.”

“To, a hannun matarka zan ba da.”

Yanzu a madafi suke rataye, sun yi baƙi da hayaƙi. Kwanan baya a wurin wani suna na tsokane shi, na ce a ɓoye tuwo ga mai bincike ya iso. Ya wanke hannu a natse, ya jawo kwano.

“Ku yi ta dariya,” ya ce. “Kwamfuta ta faɗa mini duk abin da ke cikin dawar nan, amma ba ta san daɗinta ba. Ni na sani.”