Ranar Da Na Zaɓa Ido Rufe

Shekara huɗu na yi ina likita a wani wasan intanet, kuma ban taɓa jin nauyin faɗa ba sai yau da na zo rubutawa. Mu biyar ne a ekip ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta wasan, dukanmu magidanta, kowa da aikinsa. Ni lissafi nake koyarwa a wani kolej a Lamorde. Ranar Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a fadarmu ta hira, ƙarƙashin rumfar wani abokina mai gyaran moto, wato babur, a ɗora shayi, kowa ya ciro wayarsa mu shiga wasan tare. Huɗu su tunkari dodanni, ni in tsaya a bayansu ina warkar da duk wanda aka raunata. In likita ya yi sake ekip ta mutu gaba ɗaya, sai a koma farko.

Darajata a rumfar nan daga bishiya ta fito. A wasan kowane jarumi yana da bishiyar baiwa mai rassa barkatai. Duk matakin da ka hau sai a ba ka ɗigo ɗaya ka ɗora a reshen da kake so, ko na saurin warkarwa, ko na ƙarfinta, ko na garkuwa. Wani reshen ba ya buɗewa sai ka cika na ƙarƙashinsa, kuma ɗigon da ka ɗora ya ɗoru ke nan, ba a cirewa. Na sayi kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, na zana bishiyar kowane irin jarumi, na gwada, na soke, na sake zanawa. Bishiyoyin abokaina huɗu duka ni na tsara musu. Malam suke kirana. Ina da baki kuma, ban musa ba. Wanda ya kuskura ya ɗora ɗigo ba da sanina ba, zai sha magana tun daga shayin farko har na uku.

Sai masu kamfanin wasan, waɗanda ban san su ba kuma ba na marmarin sani, suka tashi wata rana suka sare bishiyar. Muka buɗe wayoyi muka tarar da layi shida, kowane layi da kati uku. Ka taɓa kati ɗaya a kowane layi, shi ke nan ka gama. In bai yi maka ba ka canza, ko sau goma a rana. Har da doguwar sanarwa, wai sun yi haka ne don kowane zaɓi ya zama mai ma'ana. Na zauna da alƙalami na auna katunan likita. Na farko yana warkar da mutum ɗaya da yawa, na biyu yana warkar da mutum biyu da rabi-rabi, na uku yana warkarwa a hankali har ya kai daidai na farko. In ka tattara, abu ɗaya ne aka sa wa hoto uku. Kamar mai shinkafa ce ta tambaye ka a jan kwano kake so ko a fari, alhali tukunyarta ɗaya.

Raini ne, kuma na ji shi har cikin raina. Zaɓin da ba ya iya sa ka nadama, wane irin zaɓi ne? An ɗauke mu ƴan goye da ake miƙa wa cokali uku su yi ta juyawa don kada su yi kuka. Na faɗi wannan a fada Lahadi uku a jere, da ƙarin gishiri kowane mako.

Mai gyaran moto ne kaɗai ya tanka mini. Yana goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, tsakani da Allah, wa ke zaɓe a da in ba kai ba? Mu kwafe kayenka muke yi. Ni yanzu ne ma na fara taɓa abu da hannuna."

Na ce masa mutumin da ke kiran taɓa hoto zaɓi, bai kamata a bar shi da injin moton mutane ba. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

A cikin wannan tsakanin ne wan matar mai gyaran moto ya fara zuwa. Bazabarme ne daga Gudel, yana da lambu a bakin kogi, salati da kabeji yake nomawa. Hausarsa ta kasuwa ce, gajera, ba ya ɓata kalma. Bai taɓa ganin bishiyar ba, bayan an sare ta ya fara wasan, kuma cikin duk jaruman da ke akwai likita ya ɗauka. Zai zo ya ce fofo, gaisuwarsu ta Zabarmawa, ya zauna a gefen benci ya yi wasansa shi kaɗai, saboda ekip ba ta ɗaukar mutum shida. Na tambaye shi wata rana yadda ya zaɓi katunansa. Ya ce wanda hotonsa ya yi masa kyau. Na kalli sauran don su taya ni dariya, na ga kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

Wata Lahadi takardun jarrabawa suka tsare ni a gida. Da na dawo mako na gaba na ji labari. Mai lambu ya riƙe gurbina, sun kashe dodon da ya yi mako biyu yana ba mu wahala, ba wanda ya faɗi. Ɗaya daga cikinmu, wani ma'aikacin buro, wato ofis, ɗan asalin Tawa mai sanyin magana, ya kawo shawara wai a riƙa karɓa-karɓa, Lahadi ɗaya ni, ɗaya shi. Na gane inda aka dosa. Gurbina ake so, wanda na riƙe shekara huɗu, a ba mutumin da ke zaɓen baiwa da kyan hoto.

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci sai in koma malamin aji. Na miƙe tsaye na ce musu nasarar mai lambu ba shaidar gwaninta ba ce, shaida ce cewa wasan ya mutu. Na ce ko akuya aka ba wayar ta taka da ƙafa, haka za ta warkar. Na ce zan nuna musu yanzu-yanzu.

Na buɗe layukan shida, na miƙa wa mai gyaran moto wayar ya riƙe mini, na rufe idona da hannun hagu. Da ɗan yatsan dama na dinga dungurar fuskar wayar, yana ce mini "gaba" in kati ya kama, har aka gama shida. Na ce kada wanda ya faɗa mini abin da na taɓa. Muka shiga mu biyar, muka nufi dodo na gaba, wanda ba mu taɓa gwadawa ba.

Gaskiya a cikin zuciyata na ɗan ji tsoro. Da mun mutu, da na ji kunya, amma da ya nuna cewa katunan suna da bambanci, kuma ana bukatar wanda ya san bambancin. A lokacin ban yi wannan tunanin ba. Nasara kawai nake so, kuma na same ta. Dodon ya faɗi tun shayi na biyu bai nuna ba. Babu wanda jininsa ya sauka ƙasa da rabi.

Na ajiye wayar a kan benci na buɗe hannuwa. Na ce, "To, kun gani? Ido rufe. Ina ma'anar da suka ce? Duk ɗaya ne, ko mi ka taɓa."

Ba wanda ya yi gardama. Mai gyaran moto ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Ka ci." Ya juya butar shayi a kan gawayi, sannan ya ƙara, "Ke nan kowa na iya."

Na ce ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Ma'aikacin buro ya gyara zama. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce, "Malam, kada ka ji haushi. Shekara huɗu muna shan zagi saboda ba mu da wanda ya san bishiya sai kai. Tunda kai da kanka ka nuna duk ɗaya ne, mu dai mun fi son likitan da ba ya zagi."

Na duba fuskokinsu ina jiran wani ya ce wasa ne. Mai lambu ne kaɗai ya dube ni, da tausayi kuma, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Kala suru, Malam," wato, da yarensu, in yi haƙuri. Na hau motona na tafi ban yi sallama ba. Na ji kunya ƙwarai, irin kunyar wanda ya kawo hujjar korarsa da hannunsa, ya kuma tsaya yana jiran tafi.

Lahadin da ta biyo na koma, domin ba ni da wata fadar. Suka karɓe ni da mutunci, aka matsa mini wuri. Don kada in zauna haka nan, mai gyaran moto ya ce in zauna kusa da mai lambu in duba wasansa, in na ga ya yi kuskure in gyara masa. Na yarda da sauri, har na ji daɗi. Na ce a raina yau za su ga bambancin mai ilimi da mai ban ruwa.

Na leƙa ta kafaɗarsa tun daga shigarsu. Yana wasa a natse, babban yatsansa duk kanta, yana dannawa ba gaggawa. Na duba katunansa shida ina neman wanda zan ce bai dace ba. Kowanne ya dace, domin masu kamfanin ba su bar katin da ba zai dace ba. Sun cire kuskure daga wasan ɗungurungum, ni kuwa ashe kuskuren mutane ne abincina. Na zauna da baki a buɗe ina jiran abin faɗa har aka kira magariba, ban samu ko ɗaya ba.