Ƙafa Huɗu na Bakanike

Sayen injin buga takarda wahala ce, ban ga wani daɗi a ciki ba. Ni dai na sha tawa.

Shekaru na yi a Ƙonni da ƙaramin injin kwafi. Katin biki, takardun jarrabawar lakwal, wato makarantar boko, tambarin da masu lambun Badaguishiri ke liƙawa a ledar iri, duk shi ke yi. Da aiki ya fi ƙarfinsa sai na fara yawon tambaya. A Yamai aka nuna mini na zamani mai haɗe da kwamfuta: ka danna, ya fito da kala tsaf. Amma garin tawadarsa tsada, ba ya son zafi, kuma in wuta ta yi wasa sau ɗaya ya ƙone, sai ka jira mai gyara daga Yamai. Akwai wani mai kala ɗaya, yana da sauri, sai dai hoton mutum yakan fito kamar an shafa masa toka. Na uku shi ne ofset, tsohon ƙarfe. Kafin ya tashi sai ka ɗaura farantin da ke ɗauke da rubutun, ka daidaita ruwa da tawada, ka ɓata takarda. In ya tashi kuwa, ba ya gajiya, kuma bakanikensa na nan Sakkwato. Shi na zaɓa.

Na kira bakaniken a waya na tambayi faɗin injin. Ya ce, "Ƙafa huɗu, Malam." Mu nan da mitir muke awo. Na tuɓe takalmi, na jera ƙafata a bakin ƙofar shago, diddige na taɓa yatsa. Huɗu suka shiga har da saura. Na ce a ɗoro injin daga Sakkwato.

Da damina ne. Motar ta iso bayan azahar, muka sauke injin da gungume da igiya, mutum takwas na nishi. Muka tura shi bakin ƙofa, ya tsaya cak. Aka juya shi ta gefe, aka cire abin da ke ciruwa. Saura kamar tsawon tafin hannu, ya ƙi.

Direban, wani ɗan Illelar Najeriya mai baki, ya ce, "Maigida, da me ka auna?"

Na nuna masa ƙafata.

Ya yi dariya har ya dafa mota. "Ƙafar tef ake nufi, ta Bature! Taka ai ta ƴan mata ce. Ni dai zan wuce kafin a rufe iyaka."

Ya naɗe tamfol ɗinsa ya tafi. Na waiga gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Bakaniken ya riga ya gaya mini, in ruwa ya taɓa silindar injin, wato gangar ƙarfen da ke danna takarda, ta yi tsatsa, duk takardar da za ta fito da tabo za ta fito. Abin da na tara duka yana tsaye a kan titi.

Mafita ɗaya ce, a fasa bango. Shagon kuwa ba nawa ba ne, na surukina ne, uban matata. Tun da na auri ƴarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa roƙonsa komai baki da baki ba. Ko shagon ma, wana ne ya je ya yi maganar. Wan nawa yanzu yana ci-rani a Abijan.

Bayan la'asar sai ga tsohon da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zagaya injin, ya gwada sandar a jikinsa, ya kai ta ƙofa ya gwada. Bai dube ni ba, da maƙwabcina tela ya yi magana.

"Wanga bango na ƙasa na. Azara na bisa ƙofar. Wa ka huda bango da damina?"

Tela ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Ya tafi abinsa. Ya bar ni nan durƙushe.

Iska ta taso. Ni da tela muka kwaso buhunan siminti na leda da tabarmi da labulen shagonsa, muka lulluɓe injin, muka ɗaure da igiyar rijiya. Ruwan ya sauko kamar da kwarya. Iska ta ɗaga gefe ɗaya, na kwanta a kai da ƙirjina. Ruwan titi ya biyo ta ƙarƙashi, ja, da shara a ciki, ina kallo yana hawa gungumen da injin ke kai. Tela yana ihu daga rumfa, "Ka shigo, tsawa za ta kashe ka a kan ƙarfe!" Ban shiga ba sai da ya tsagaita, dab da magariba.

A gida matata ta ce bari ta je ta yi wa Baba magana. Na ce ta zauna. Na san abin da zai faɗa mata, ita ma ta sani.

Da asuba bayan salla na kwance igiyar. Ƙasan silindar ya yi ja, kamar girman ɗan yatsa. Na goge da man inji, ya fita, amma gabas ta sake yin duhu.

Na tafi zauren tsohon. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, idona a ƙasa.

"Baba, zan fasa bangon. In ya faɗi ni zan tada shi."

Ya ja carbinsa.

"Yau ka yi baki ke nan," in ji shi. "Ka tokare azarar tukuna, kada ka kashe min mijin ɗiya."

Na ari diga wurin magini, na kafa itace biyu a ƙarƙashin azara. Na ɗauko tef ɗin tela na auna, na sake aunawa, na ja layi da gawayi, sannan na kai sara na farko.