Haƙori guda ya kada Yaya Ilu

Kaka ce, shekarar da hatsi ya yi kyau har rumbuna sunka kasa ɗauka. A garinmu, kusa da Tajaye, duk wanda ka gamu da shi fuskarsa a sake take. Cikin wannan wadata munka binne yayana Ilu. Bana shekara tara ke nan.

Har yau in na tuna sai in riƙe baki. Mutum ne da ke aza dami biyu bisa amalanke ko nishi babu. Amma abin da ya kada shi haƙori ne guda, na can ciki, mai ɗan rami kamar ƙwayar hatsi.

Mu dai abin da munka taras shi ne, tsutsa ke cin haƙori. Ranar kasuwar Illela ya tafi wurin mai turaren haƙori. Anka zuba wasu ƴaƴan itace bisa garwashi, ya buɗe baki hayaƙi na shiga, sai ga fararen abubuwa cikin ƙwaryar ruwa. Ya dawo da murna: "Ƙanwata, bakwai anka fiddo! Ashe kiwo nake ban sani ba." Munka yi ta dariya. Da kuncinsa ya kumbura, munka ce dafin tsutsar ne ke fita. Sai da kumburin ya sauka wuya, ruwa ma ba ya wucewa, sannan munka nufi gidan likita a Konni. A hanya ya cika.

Bayan shekaru, a ajinmu na yaƙi da jahilci, wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta ce babu tsutsa. Fararen abubuwan nan cikin ƴaƴan itacen ne, wuta ta fasa su. Zaƙin da ke kwana a haƙori shi ke huda shi, ruɓar kuma in an bar ta, jini take shiga. Ikon Allah! Har allona ya zame daga cinyata.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Kowane tebur alewa da biskit, shayi sai ya yi kauri da sikari, yara na tafiya lakwal, wato makaranta, suna tsotso. Shi kansa aljihunsa ba ya rabuwa da alewar ƴaƴana, kuma don ƙauna yake yi. Gonarsa an raba, rigunansa sun ƙare. Abin da ya rage mini dariyarsa ce, da tsoron da ba ni da shi a da.

Makon jiya autata Rabi ta shigo riƙe da kunci. Maƙwabciyata ta ce, "Uwar Rabi, ki bari ranar kasuwa a turara mata mana." Ban yi musu ba. Na ja yarinyar cikin hasken rana, na buɗe bakinta, na ga baƙin rami.

Washegari ko kunu ban dama ba. Na sara wa sauran yaran asuwaki ɗaya ɗaya, na kama hannun Rabi, munka tsaya bakin hanya jiran motar farko zuwa gidan likita.