Sunan da Inna Jaratu Ba Ta Faɗa Ba

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa a unguwar Briqueterie ya san Nata'ala. Rumfarsa na bakin titi, tsakanin mai suya da shagon ɗinki, hayaƙi na shiga masa ido yana leƙen hanjin wayoyin mutane. A unguwar aka haife shi, nan aka haifi mahaifinsa tela. Kakansa ne ya zo fatauci daga Kano bai koma ba. Tun yana ƙarami ya fi son kwance abu da ɗinka shi, rediyon gidansu ma ya ga ta kansa. Da ya girma ya kama gyaran waya, kuma kullum ƙorafinsa ɗaya ne: wayoyin yanzu da gam ake manne su, sai ka ce masu ƙera su gaba suke yi da mai gyara.

Shi ne ɗan farin Inna Jaratu, don haka bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kunyar ɗan fari take yi irin ta mutanen da. "Kai" take ce masa, in ba ya nan kuma "wancan". Ƙanwarsa Zakiyya, mai aure a Garoua, ita ce ake kiran sunanta safe da yamma. Bai taɓa tankawa ba, amma abin yakan ɗan sosa masa rai.

Ciwon suga ya cinye wa Inna ido. Matar da ta yi shekaru tana sayar da atamfa a kasuwar Mokolo, ba wanda ya isa ya cuce ta, yanzu waya na ƙara a hannunta ba ta san mai kira ba, ba ta kuma iya kiran kowa sai an danna mata. Wannan ya fi makantar ƙona mata rai. Nata'ala ya kunna mata muryar da ke karanta allon waya da Faransanci, ta ce ba za ta zauna ɗaki ɗaya da baƙuwar da ba ta iya gaisuwa ba.

Ana cikin haka ya ga sanarwa a intanet. Wasu matasan injiniyoyi a Turai na neman jama'a su yi karo-karo a ƙera wata waya. Da sukurori za a ɗaure ta, kowa ya iya buɗewa ya gyara. Manhajarta ma a buɗe take, mai so ya koya mata yarensa. Nata'ala bai yi wata-wata ba ya zuba nasa.

Abdulmajid mai suya ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, ka san gidansu? Ka san ubansu?"

"Adashi ne fa," in ji Nata'ala. "Wanda ya zuba ai zai kwasa."

Nan ya yi kuskure, bawan Allah. Uwar adashin Briqueterie ta san ƙofar kowa, kowa ya san tata, kuma za ku haɗu a gidan suna. Waɗannan kuwa ba su da ƙofar da za ka je ka yi sallama. Amma shi da zuciya ɗaya ya yi wa Inna alkawari: kafin azumi za ta riƙe wayar da za ta faɗa mata mai kira da Hausa.

Inna ta ce in dole sai waya ta yi magana a ɗakinta, to ta yi da muryarta. Ya zauna gabanta yana ɗaukar muryarta, tana jero sunayen dangi tana dariya. Da aka zo kan nasa sai ta kau da kai. Ya ajiye mata abin ɗaukar yana aiki, ya fita tsakar gida don kada kunya ta hana ta. Bai saurari abin da ta faɗa ba. Ya adana shi, yana so ya fara jin sunansa ranar da wayar ta iso.

Azumi ya wuce, layya ta wuce. Injiniyoyin ba ɓarayi ba ne, bakinsu ne ya fi ƙarfinsu. Yau batir ne bai yi ba, gobe masana'anta ce ta saɓa musu, kullum haƙuri suke bayarwa. Inna takan tambaya, "Kai, ƙawar tawa ta taso?" Ya ce tana hanya. Da wani azumin ya sake zagayowa ta daina tambaya, kuma ya san tausayinsa ne ya sa.

Wata safiyar damina, yana rumfa, aka zo aka kira shi. An same ta a kan sallaya, rai ya yi halinsa, tsohuwar wayarta na cikin hannunta. Ko wa ta so kira, Allah kaɗai ya sani. Nata'ala dai ya ɗora wa kansa laifin, har yau bai sauke ba.

Bayan sadakar arba'in wayar ta iso. Tana zafi a hannu, batirinta ba ya kai la'asar, hotonta dishi-dishi. Amma da sukurori aka ɗaure ta, kuma a buɗe take kamar yadda suka ce. Abdulmajid ya juya ta, ya mayar masa, bai yi tsokanar da ya saba ba.

Nata'ala ya sa layin Inna a ciki, ya zuba muryarta. Ya ce wa ƙanwarsa ta kira. Wayar ta yi ƙara, Inna ta ce, "Zakiyya ce," tar, kamar tana ɗakinta. Sai ya ciro tasa wayar ya kira da kansa.

Abin da aka ɗauka ranar da ya fita tsakar gida ya fito. Aka ji numfashinta, sai 'yar dariya.

"Ya fita ko? To shi wannan ba sai an faɗa min ba. Tun kafin ta yi ƙara nake sanin shi ne."

Ya bar ta tana ƙara har ta katse. Wata mata na tsaye bakin rumfa da wayarta a hannu tana jira, shi kuwa ya sake kira.