Wayar da Malam Gwaji Ya Zare

Malam Gwaji ya yi rabin rayuwarsa da kyamara a kafaɗa a gidan talabijin, har kafaɗar damansa ta ɗan karkace. Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi, sai wata makarantar sakandare ta ɗauke shi ya koya wa yara aikin jarida da ɗaukar bidiyo. Ɗakin da aka ba shi tsohon sito ne a bayan laburare: kyamara biyu, fitilu masu zafin tsiya, da kwamfutar da sai an lallashe ta take tashi. Yaran ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya taɓa makirufo bai ce "gwaji, gwaji" ba. Yana amsawa kuwa, har da fara'arsa.

Mutum ne mai daɗin zama, amma akwai shi da taurin kai. Dokarsa ita ce ba a danna maɓallin ɗauka lokacin gwaji. Ya taso a zamanin da kaset ke wuya, kuma ko da yake katin kyamarar yanzu yana cinye hoton yini guda bai cika ba, shi dai ɓarna ce a wurinsa. Sai kuma 'yar muguntarsa da kowane aji ya sani. Yaro na tsaye bayan kyamara da hedifon a kunne, sai Malam ya zagaya kamar mai neman biro, ya zare wayar makirufo a ɓoye. In yaron ya ce sauti ya ɗauke, ya tsira. In ya ci gaba da kallon hoto yana washe baki, ranar zai sha surutu.

"Idonka na aiki, kunnenka na barci," haka yake cewa. "Mai kallo zai yafe maka hoto mai duhu. Baki na motsi ba murya kuwa, ba mai yafe maka."

Matarsa tela ce. Ita ta ɗinka baƙaƙen labulen da suka rufe tagogin ɗakin, kuma in ta tashi daga shago takan biyo su tafi gida tare. Yara na ce mata Mama. Tana shigowa za a zaunar da ita a kujerar baƙo a gwada fitila da makirufo a kanta, don ba ta ƙosawa, kuma ba a rasa zance a bakinta.

"Wannan malamin naku," takan ce musu, "ya ɗauki kowa da kowa a kyamara ban da ni."

"Ke ai kina gida," in ji shi. "Ina za ki?"

A tsakiyar zango ta kwanta ciwo. Kafin asibiti su gama bincike, ta rasu.

Malam ya dawo aiki da wuri, don gidan ya yi masa girma. Fuskarta na nan a bango, a hotuna. Muryarta ce ta fara kuɓuce masa, kuma wannan ya tsorata shi fiye da komai. Ya bincike wayarsa kaf, amma ita ba ta aika saƙon murya, kira take yi. Ya zazzage akwatin tsofaffin kaset ɗinsa. Ga manoma, ga direbobi, ga manya suna jawabin da ba wanda ya saurara. Ita ba ta ciki. Wata rana yana tsakiyar darasi maganar ta suɓuce masa, ya gaya wa yaran ba shi da muryarta a ko'ina, sannan ya juya yana gyara fitilar da ba abin da ya same ta.

Akwai wata ɗaliba da ake kira Tsinke saboda rashin jiki. Ita ta ɗaga hannu a hankali.

"Malam, in na faɗa ba za ka yi faɗa ba?"

"Faɗi, 'yata."

"Ranar da Mama ta zo da koren mayafi, ni ke kan kyamara. Na danna ɗauka. Yana cikin kwamfuta, na ɓoye a aikina. Tsoro ya hana ni buɗewa."

Tunda yake koyarwa bai taɓa jin daɗin an karya masa doka ba sai ranar. Ya zauna gaban kwamfutar, ya kifa hedifon. Yaran suka kewaye shi.

Ga ta nan. Tana gyara mayafi, kujerar na ƙara, awarwaronta na kaɗawa, wani yaro na tari daga baya. Sauti garau. Ta dubi kyamara, ta ja numfashi za ta fara magana. Sai wani mutum ya gifta, ya ba kyamara baya, ya sunkuya kamar mai neman biro.

Daga nan ba a sake jin komai ba. Ta daɗe tana zuba zance, tana dariya har da dafa ƙirji, tana nuna shi da yatsa. Shi kuma ga shi can a gefen hoton, ya harɗe hannu yana murmushin mugunta, yana jiran ya ga ko Tsinke za ta lura.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Malam, da na ji sautin ya ɗauke, da na faɗa."

"Ba ke kika zare ba," ya ce. "Mayar min da shi farko."

Ta mayar. Kujera, awarwaro, tari, numfashi.

"Ƙara sautin."

"Ya kai ƙarshe, Malam."

Aka kaɗa ƙararrawar tashi, ba yaron da ya motsa. Malam Gwaji ya danne hedifon a kunnuwansa da hannu biyu, ya ce ta sake mayarwa.