Keken da Suka Raba Maigidana da Shi

Duk wanda zai ce mini keke abin talaka ne, to kada ya faɗa a cikin gidana, don wallahi ko ruwan randata ba zai sha ba. Na ji wannan maganar har ta ishe ni, kuma na ga inda ta kai mu.

Maigidana yana da ciwon suga, gadon gidansu ne. Babansu, can ƙauyenmu a kudancin Adamawa, da ƙafa ɗaya aka binne shi. Tun ranar da likita ya ce ciwon ya kama maigida, ba abin da nake kallo a jikinsa sai ƙafa. In ya dawo aiki ya cire takalmi, sai in yi kamar shara nake, ina leƙen yatsunsa. A Demsawo, cikin Jimeta, muke zaune, ni ina koyarwa a firamare, shi kuma ma'aikacin ofis ne a cikin Yola. Mashin yake hawa. Daga kujerar gida zuwa sirdin mashin, daga sirdin mashin zuwa kujerar ofis, iyakar motsinsa ke nan. Tumbi ya fito, ya fara cewa tafin ƙafarsa yana yi masa kamar ya taka auduga.

Sai lokacin bama-bamai ya zo. Aka hana hawan mashin a Jimeta da Yola, wai da shi miyagun suke zuwa su yi ɓarna su gudu. Mashin ɗinmu ya koma gindin mangwaro, kaji suna kwana a kai. Gari kuma ya cika da mutanen da suka gudo daga arewacin jiha, mu ma iyali guda daga cocinmu sun zauna mana a falo. Baburan haya masu ƙafa uku ba su isa kowa ba. Sai ka tsaya a rana har kanka ya yi ciwo, in ka samu kuma a cusa ku kamar buhunan masara. Maigida ya gaji da makara. Wata Asabar ya tafi Dubeli, ya dawo yana tura wani baƙin keke na hannu, mai kariyar ɗora kaya a baya. Ya ce Inyamurin da ya sayar masa cewa ya yi, “Oga, wannan ba ya shan mai, ba ya shan komai. Kai ne zai sha ruwa.”

Ya kuwa sha ruwan. Wanda bai san zafin Yola ba bai san abin da nake faɗa ba. Makon farko cinyoyinsa suka ƙi shi, in zai zauna sai ya dafa bango. Yakan naɗe rigar ofis a leda ya ɗaure a kariya, ya tafi da tsohuwar singileti, in ya isa ya goge jiki ya canza. Ga shingayen bincike a hanya. Dokar lokacin ita ce mai keke ya sauka tun daga nesa, ya tura abinsa a ƙafa har ya wuce shingen, sannan ya hau. Ya sauka, ya tura, ya hau, ya sake sauka. Da yamma yakan shigo fuskarsa duk gishiri, yana masifa da kowa har da kaji.

Ban san ranar da masifar ta tsaya ba. Na dai lura ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, daga baya ya sake huda wani. Munsharin da yake hana ni barci ya ragu. Wata rana ya taka garwashi a bakin murhu ya yi tsalle yana zagina don na bar wuta a hanya, ni kuwa na koma kicin na yi ta dariya har da hawaye, don ƙafar da ta ji zafi ƙafa ce mai rai. Da muka koma asibiti likita ya duba sakamakon jini, ya sake dubawa, ya ce, “Baba, ko me kake yi, kada ka daina.” Ya rage masa magani. Abin da da yake tafiya gidan mai ya koma kasuwa, muka riƙa cin kifin Binuwai ba sai ranar Lahadi ba. Har titin ma ya yi sauƙin hayaƙi. Da safe sai ka ga malaman makaranta, masinjoji, masu gadi, kowa a kan kekensa, suna gaisawa da ƙararrawa.

Kada wani ya ce mini hukuma ce ta yi masa alheri. Tsoro ne ya sa suka hana mashin, lafiyar mijina ba ta taɓa zuwa musu a rai ba. Da sun san abin da suka yi ba da niyya ba, da sun riƙe shi da hannu biyu.

Da gari ya ɗan lafa, sai aka shiga gyaran tituna. Aka faɗaɗa, aka zuba kwalta mai sheƙi, aka yi gadar sama, kowa yana ɗaukar hoto. Amma wanda ya zana titin nan, ko waye shi, bai taɓa hawa keke ba, ko kuma ya hau ya manta. Kwalta tana ƙarewa sai lambatu mai zurfi, baki buɗe. Ɗan gefen ƙasa da masu keke suke bi a da an cinye shi. Abin da ya rage kuwa masu ƙafa uku sun mai da shi tasha, su tsaya inda suka ga dama, su fizga ba tare da sun waiwaya ba. Maigida yakan ce da sun bar musu ko faɗin tabarma ne, da ya wadatar. Ba su bari ba. An sare itatuwan da yake hutawa a ƙarƙashinsu, ba a dasa wasu ba.

A daidai lokacin aka ƙara masa girma, ya zama mataimakin darakta. A nan ƙaninsa ya shigo maganar. Ɗan kwangila ne, a unguwar Karewa yake zaune, mutum ne da ko shagon bakin layinsu da mota yake zuwa. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanin miji, amma ni na daɗe da daina jin wasan. Ranar da muka yi godiya a coci saboda ƙarin girman, ya ja ni gefe.

“Matarmu, ke ba kya jin kunya? Mataimakin darakta a kan keke kamar mai tallan burodi.”

Na ce, “Oga, kunyar ka ajiye ta a but ɗin motarka. Ni lafiyarsa nake gani.”

“Mutane suna cewa mun kasa saya masa mota.”

“Mutanen su zo su raka shi asibiti mana.”

Ya yi dariya ya tafi, amma bai bari ba. Ya kai maganar taron 'yan garinmu, ya buga wa babban ɗanmu waya a Abuja yana cewa ana zagin gidanmu. A wurinmu, babban mutum ba ya gumi a bainar jama'a. In ya yi, to 'ya'yansa da ƙannensa ne suka gaza. Maigida ya yi ta kauce musu da murmushi, yana cewa sai bayan damina, sai bayan Kirsimeti.

Wani mai ƙafa uku ne ya ba su abin da suke nema. Ya yanko gaban keken don ɗaukar fasinja, maigida ya kauce, ba wurin kaucewa sai lambatu. Ya gurje gwiwa, kafaɗa ta bugu, taya ta lanƙwashe. Ciwon bai kai ya kawo ba, ya warke tas, kuma warkewar nan da sauri ita kanta shaida ce ga mai hankali. Amma kafin Lahadi falona ya cika da dangi. Ƙanin nasa ya tsaya a tsakiya yana nuna bandeji kamar shi aka ji wa ciwon.

A irin wannan zaman matar gida ruwa take kawowa ta koma. Ni ban koma ba. Na ce musu titin ne ba shi da gefe, su je su yi wa masu titin magana tun da sun san manya. Na ce akwai hanyoyin cikin unguwa da zai riƙa bi. Na ce likita ya ce kada ya daina.

Ƙanin ya ce, “Likita ne zai biya mu in tirela ta taka shi?”

Na ce, “Kai ne za ka ba shi ƙafa in an yanke?”

Wata gwaggonsu ta ce bakina ba shi da kyau, ina yi wa mijina mugun fata. Maigida ya sunkuyar da kai. Mutum ne da ba ya iya ce wa danginsa a'a, wannan halin nasa yana ci mini rai har yau. Ɗanmu ya turo mota 'yar Kwatano. Aka ɗaga keken aka rataye shi a sito, sama da buhunan gawayi.

Ya yi ƙoƙari, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce to zai riƙa tafiya a ƙafa da sassafe. Amma a garin nan ba a barin babban mutum ya taka ƙasa. Bai kai bakin titi ba sai mota ta tsaya. “Oga, lafiya? Motar ce ta lalace? Shigo in sauke ka.” In ya ce motsa jiki yake, sai su ce haba Oga, su buɗe ƙofa su ƙi tafiya. Wani ma har gida ya biyo shi da bakanike. Ya gaji da bayani, ya daina fita. Ramukan bel suka koma inda suka fito, magani ya ƙaru, audugar ta dawo tafin ƙafa. Ina gani, ina faɗa, ana ce mini mai mita.

Bayan ya yi ritaya, sabon takalmi ya ci masa ɗan yatsa a wani biki. Bai ji ba. Ni na gani, kuma lokacin da na gani wurin ya riga ya canza launi. Muka yi ta jinya, wanki da allura, a sallame mu mu koma. Aka cire yatsan. Daga baya likita ya kira ni waje, tun kafin ya buɗe baki na san abin da zai ce. A ƙasan gwiwa suka yanke. Dangi suka zo da lemo da ayaba suna cewa nufin Allah ne. Na yarda da nufin Allah, amma na san hannuwan da suka rataye keken nan a sito, kuma na tsane su a ranar, ban ɓoye ba.

Yanzu ga shi man fetur ya gagari kowa. Motoci sun koma ado a ƙofar gidaje, tamu ma tana nan an lulluɓe ta da tampol. Kwanakin baya na ga wasu manya a talabijin, sanye da kayan motsa jiki sababbi fil, suna hawan kekuna masu walƙiya. An rufe musu titi gaba ɗaya, jiniya a gaba, motocinsu suna binsu a baya a hankali. Ɗaya ya tsaya yana haki yana cewa keke yana ƙara lafiya, yana rage kashe kuɗi, yana tsabtace iska. Duk gaskiya ne, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Washegari aka buɗe titin, lambatu yana nan baki buɗe, ba a ƙara wa mai keke ko taku ɗaya ba. In da gaske suke, su ware gefen, su rufe lambatun, su dasa itace, su hau ranar Litinin ba tare da jiniya ba. Ranar da aka nuno su na kashe talabijin ɗin don kada maigida ya gani, ashe ya gani.

Ba a daɗe ba ƙanin nasa ya zo, da rana tsaka, a ƙafa daga bakin titi. Ya rame ta wuya, ya shanye ruwan da 'yata ta kawo masa ya nemi ƙari. Ya gaida wansa a ɗaki, ya fito ya same ni ina tsince shinkafa. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, tsadar mai, kwangila ba ta tafiya, sannan ya ce, “Matarmu, keken nan na Yaya yana nan kuwa?”

Na ce, “Wane keke? Na mai tallan burodi?”

Can ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki.

Na ajiye faifan. Na gaya masa duk abin da na tara a cikina tun ranar zaman falo, ban rage ko ɗaya ba. Na ce gara tsatsa ta cinye keken, gara in ba masu gwangwan su auna a kilo. Shi kuwa yana ta kallon takalminsa.

Sai muryar maigida ta fito daga ɗaki. “Maman yara, ki ba shi.”

Na ce ba zan bayar ba.

“Ki ba shi. Ba na so a sake yanke wa kowa ƙafa a gidanmu.” Ya ɗan tsaya, sannan ya ɗaga murya don ƙanin ya ji. “Kada ka bi babban titi. Ka bi ta cikin unguwa, ko da ya fi nisa.”

Ban tashi ba, ban kuma nuna masa sito ba, ya san hanya. Shi ya hau kan buhunan gawayi ya sauko da shi da kansa, rigarsa ta yi baƙi. Tayoyin sun mutu, cen ya kafe, sai turawa. Ban yafe masa ba, kuma ban ce ya gaida gida ba.

Na shiga ɗaki don kada in ga fitarsa, sai maigida ya ce in ɗaga masa labule. Na ɗaga. Ya bi keken da ido har aka fita da shi ƙofar gida, hannunsa a kan gwiwar da ba komai a ƙasanta, yana murza ta a hankali.